Kada ka yi fomatin, ba ta mutu ba

Yarona, na ga saƙonka bayan isha'i, har da hoton da ka ɗauko: sikirin baƙi ƙirin, sai ɗan farin layi yana ƙyaftawa a kusurwar sama. Ka ce kwamfutar tebur ɗin ɗalibin nan ce, wanda ya ce a ɗora masa Ubuntu 24.04, wato wani nau'in Linux, mai katin hoto GTX 1050 Ti. Ka ga hoto yana jan ƙafa, ka shiga shafin NVIDIA, kamfanin da ya ƙera katin, ka sauke fayil ɗin direba mai ƙarewa da .run, ka ɗora, ka kashe ka kunna, shi ke nan ta ƙi nuna komai. Sai ka ce, "Oga, in sake fomatin ne?"

A'a. Mayar da filash ɗin nan aljihu. Kwamfutar lafiyarta lau, fayilolin ɗalibin suna nan daram. Idonta ne kawai ya rufe, kuma za mu buɗe shi.

Hannunka ya saba da Windows, shi ya sa. A can in kana son direba, shafin kamfani kake zuwa ka sauke, ka yi ta danna gaba har ya gama. To idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A Linux, direban hoto rabinsa a cikin kanel yake zama, wato zuciyar tsarin, kuma dole a ɗinka shi daidai da jikin kanel ɗin da ke kan injin. Kamar riga ce da tela ya auna: in mai rigar ya canza jiki, sai an sake awo. Ubuntu kuwa tana sabunta kanel a kai a kai. Fayil ɗin da ka sauko da shi ta bayan gida ya shigo, apt, mai kula da ɗora manhajoji da sabunta su a Ubuntu, ba ta san da zamansa ba, ballantana ta kula da shi. Ko da ya yi aiki yau, ranar da sabon kanel ya sauka yana iya barin ka a duhu. Shekarun baya na ɗora wa wani mai ɗakin hoto irin wannan fayil, komai ya tafi sumul, bayan 'yan makonni ya dawo da injin a bayan babur, ga aikin biki yana jiransa. Ranar na ji nauyin mutumin ƙwarai, kuma tun daga nan na daina bin wannan hanya.

A taka matsalar abu biyu nake zargi. Na farko Secure Boot. In tana kunne, kanel ba ya karɓar direban da ba shi da sa hannun da ya sani, kamar mai gadi ne da ba ya buɗe ƙofa sai ya ga kati. Na biyu, wancan fayil yana toshe nouveau, direban da Ubuntu ta zo da shi, don kada su yi karo. To an kori tsohon, sabon kuma an hana shi shiga. Wa zai kunna sikirin?

Gobe da safe ka kunna ta, ka bar ta ta kai wurin baƙin nan, sai ka danna Ctrl da Alt da F3 tare. Rubutu zai fito yana neman suna da kalmar sirri. Lokacin da kake buga kalmar sirrin ba za ka ga komai ba, ko tauraro ɗaya, haka abin yake, kada ka ɗauka kibod ne ya lalace. In hakan ya ƙi, sake kunnawa ka riƙa taɓa Esc har jerin GRUB, wato jerin zaɓin da ke fitowa kafin Ubuntu ta tashi, ya bayyana, ka danna e, ka nemo layin da ya fara da linux, ka ƙara nomodeset a bayan quiet splash, sannan F10. Wannan na kunnawa ɗaya ne kawai, ba ya zama.

Da ka shiga, rubuta sudo nvidia-uninstall, ya kwashe kayansa da kansa. Sai ka leƙa cikin /etc/modprobe.d da /usr/lib/modprobe.d, in ka ga fayil mai suna nvidia-installer-disable-nouveau.conf ka goge shi, shi ne takunkumin da aka sa wa nouveau. Duba kuma ko ya bar maka /etc/X11/xorg.conf. In yana nan, canza masa suna kawai, kada ka goge. Daga nan sudo update-initramfs -u, sai sudo reboot. In sha Allahu hoto zai dawo.

Yanzu ga yadda ake yi tun farko, kuma ina so ya zauna maka a ka. Kafin ka taɓa komai, tambayi injin abin da ke cikinsa: lspci -k, ka nemo layin VGA ko 3D. Kada ka yarda da sitikar da ke jikin akwati, ka san kayan tokumbo, sau nawa muka buɗe muka tarar da wani abu daban. Layin zai gaya maka sunan katin da direban da ke riƙe da shi a lokacin. In ka ga Intel ko AMD, nannaɗe hannun rigarka ka koma wani aiki, babu abin saukewa. Nasu direban a buɗe yake, yana cikin kanel da Mesa, wato manhajar hoto ta Linux, ya zo tare da tsarin. Yara da yawa suna ɓata yini guda suna neman direban AMD a intanet alhali yana aiki a gabansu.

NVIDIA ce ke da labari. Shekara da shekaru direbanta a rufe yake, shi ya sa masu sa kai suka ƙera nouveau ta hanyar bin diddigin yadda katin ke aiki. Sun yi ƙoƙari matuƙa, amma a kan kati irin na yaron nan nouveau ba ya iya ɗaga gudun katin, sai ya zauna a gudun da ya tashi da shi, kamar mota a giya ta ɗaya daga Kano har Zariya. Jan ƙafar da ka gani ke nan. Don haka tunaninka na canza direba daidai ne, ƙofar da ka bi ce ba ita ba.

Ga ƙofar. Haɗa intanet, in babu layin intanet jona wayarka da kebul ka kunna raba data ta USB, tana kamawa da kanta. Rubuta sudo apt update, sannan ubuntu-drivers devices. Zai jero direbobin da suka dace da katin, ɗaya a ciki da kalmar recommended a gefensa. Sai sudo ubuntu-drivers install. Daɗin wannan hanya shi ne tana kawo wanda Canonical, kamfanin da ke yin Ubuntu, ta riga ta ɗinka wa kanel ɗin ta sa masa hannu, Secure Boot ba ta tare shi, kuma duk sabon kanel da nasa yake zuwa. Mai son linzami, abu ɗaya ne da Additional Drivers a cikin Software & Updates, a Linux Mint kuma Driver Manager. Tanadi data, abin ya kai ɗaruruwan megabait. Kuma don Allah jona ta a inbata kafin ka fara. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, sudo dpkg --configure -a ne zai ƙarasa abin da ya rage, amma gara kada a kai can.

Akwai tarko ɗaya da nake so ka sani. A cikin jerin za ka iya ganin sunaye masu ƙarewa da open. A 2022 NVIDIA ta buɗe ɓangaren direbanta da ke zama cikin kanel, amma wannan yana aiki ne daga zuriyar Turing zuwa sama, wato GTX 16 da RTX 20 da na bayansu. GTX 1050 Ti zuriyar Pascal ce, ta 2016, ba ta ciki. Haka nan babbar lamba ba ita ce mafi kyau ga kowane kati ba. Pascal ta tsaya a reshen 580. Tsofaffin Kepler, irin GT 710 da ke yawo a kasuwa, sun tsaya a 470, Fermi kuwa a 390. Ka ɗora wa tsohon kati direban da ya wuce zamaninsa, baƙin sikirin ɗin nan zai sake gaishe ka.

Wani lokaci, musamman in direban ta DKMS ya zo, wato a kan injin ake ɗinka shi, za a ce ka zaɓi kalmar sirri. Rubuta ta a takarda. Da ka sake kunnawa, shuɗin allo zai fito, kuma ba ya jira da yawa. Nan yara ke firgita su danna Continue boot. Kai ka zaɓi Enroll MOK, ka ci gaba, ka amsa Yes, ka buga kalmar nan. Kana gabatar wa mai gadi da sabon sa hannu ne. Wasu masu gyara kashe Secure Boot kawai suke yi su huta. Yana aiki, amma ni ba na kashe wa mutum tsaron injinsa ba da saninsa ba, balle in akwai Windows mai BitLocker, wato makullin da ke kulle diski, a gefe, don tana iya tashi tana neman mabuɗin da mai ita bai taɓa adanawa ba.

In ta tashi, rubuta nvidia-smi. Ka ga tebur ɗauke da sunan katin da lambar direba da zafinsa, aiki ya yi. Duba bayan akwatin kuma, ka tabbata kebul ɗin sikirin a jikin katin yake, ba a ramin madabod na sama ba. Kada ka kira yaron tukuna. Yi sudo apt upgrade, kashe ka kunna sau biyu, sa bidiyo ya yi ta gudu kamar rabin awa kana sauraron fanka. Zan shigo shago wajen ƙarfe goma, ka bar min tebur ɗin nvidia-smi a buɗe in gani da idona.