Saura shekara 4 in yi ritaya: da me zan fara?

Yaya, ka ce shekara 4 ta rage maka a wani kamfani a Yamai, kana haya, kuma kana tunanin komawa Tahoua. Ni bara na ajiye aiki.

Fara da takardu tun yanzu. Je CNSS, hukumar da ke biyan fanshon ma'aikatan kamfanoni, a duba maka ko kamfanin ya zuba kuɗin fanshonka na kowane wata (ma'aikacin gwamnati kuwa CARENI, asusun fanshon ma'aikatan gwamnati, zai nufa). Ni sai a ƙarshe na gano ranar haihuwata a takardar haihuwa ta saɓa da ta katin aiki. Wata bakwai ina zarya kafin fansho ya fito, da kuɗin adashin uwargida muka ci tuwo. Don haka ka tanadi guzurin 'yan watanni.

Sai gida. Ɗaki biyu naka ya fi babban gidan haya, amma kada ka ci bashin banki da zai bi ka bayan albashi ya tsaya. In fili za ka saya, notaire, wato masanin doka mai tabbatar da takardun ciniki, ya ga takardun kafin ka biya ko dala.

Noman albasa da ka ambata fa, gwada shi a ƙaramin fage rani ɗaya, tun albashi na shigowa. Lafiya kuma, a auna maka hawan jini da suga.