Inna ta koma maimaita magana ɗaya, haƙurina ya kusa ƙarewa

Assalamu alaikum Anti. Maganar uwar mijina ce, Inna muke ce mata, ta haura shekara 75. Shekara 3 ke nan da muka ɗauko ta daga ƙauye bayan hawan jini ya kayar da ita. Ta miƙe, sai ɗan jan ƙafa. Mantuwar ta fara ne da ɓoye kuɗi ta ce an sace, yanzu kuma abin ya koma baki. Sai ta tambaye ni "An yi sallah?" sau 20 kafin in sauke tukunya. In na ce "Inna ga abinci," sai ta kama "abinci, abinci, abinci," ba ta ci ba, ba ta yi shiru ba. La'asar na yi za ta fara wani gunaguni, "mmm, mmm," kamar mai rarrashin jariri, har bayan isha'i. Hausar ma tana kuɓuce mata, cokali ya zama "abin nan," ta koma Fulatancin da mijina ya ce rabonsa da jin ta yi tun yana yaro. Ba mai jin Fulatanci a gidan.

Sati 2 da suka wuce gunagunin ya koma nishi, har tsakar dare. Ƙannen maigida sun ce aljanu ne, an yi ruƙiyya. Wata maƙwabciya ta hana 'ya'yanta shigowa, na kuma gane abin da take nufi. Shi maigidan ya sayo maganin barci a kemis, ya ce in riƙa zuba mata a kunu. Jiya na daka mata tsawa, ta dube ni ta ce "shiru, shiru." Na shiga ɗaki na yi ta kuka. Anti, da gangan take yi? Kuma in ba ta maganin?

'Yarki daga Kaduna

Wa alaikumus salam 'yata. Ki ajiye maganin nan tukuna. Magungunan barci da na kwantar da hankali suna ƙara wa tsoho ruɗewa, suna sa shi faɗuwa, wasunsu ma suna ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga masu ciwon mantuwa, ga shi Inna ta taɓa faɗuwa sau ɗaya. Ba abin da mai kemis zai yanke ba ne.

Ba da gangan take yi ba. Abin da muke kira gigin tsufa ciwo ne a ƙwaƙwalwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da shi. Mafi yawansu nau'in da likita Alois Alzheimer na Jamus ya bayyana a 1906 ne, amma mai tarihin hawan jini kamar Inna, sau da yawa toshewar ƙananan jijiyoyin jini ce ke cin ƙwaƙwalwar sannu a hankali. Amsar da kika ba ta ba ta zama, shi ya sa tambaya ta 20 a wurinta ita ce ta farko. Ciwon yakan fara kwashe abin da aka koya daga baya ya bar na yarinta, Hausar gidan aure ta tafi, Fulatancin ruga ya dawo. Tashin hankalin yamma ma sananne ne ga masu wannan ciwo: gajiya ta taru, haske ya ragu, gida ya cika da hayaniyar yara. Ki ce wa maƙwabciyarki ta buɗe Suratun Nahli aya ta 70, inda Allah ya ambaci wanda ake mayarwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya rasa sanin abin da ya sani. Ba a ce maita ba.

Abin da ya fi tsaya min a wasiƙarki shi ne nishin nan na sati 2. Ciwon mantuwa tafiyar hawainiya yake yi. In abu ya canza farat ɗaya, to yawanci wani abu ne ya hau kai: ciwon mafitsara, rashin yin bayan gida, ƙishirwa, haƙori, gyambon kwanciya, ko wata sabuwar toshewar jijiya. Wanda kalmomi suka gudu ya bari ba shi da hanyar cewa "marata na ciwo" sai nishi. Ku kai ta asibiti cikin satin nan, a gwada fitsari da jini da suga, a auna hawan jini, a duba kunne da baki. Ki tafi da duk magungunan da take sha a leda ɗaya. Daga nan ku nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa, ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya nan Barnawa kusa da ku. Addu'a ku ci gaba da ita, amma kada a riƙa danne tsohuwa ana yi mata ihu a kunne, firgita ta kawai ake yi.

A gida, ki daina gyara mata magana. In ta ce "An yi sallah?" tsoron kada sallar ta kuɓuce mata ne, ki ce "An yi, Inna, ke ma kin yi," ki miƙa mata carbi. Hannu in ya samu aiki baki yakan lafa: tsintar wake, ninke tsumma, ɓarar gyaɗa. Ki yi magana gajera, abu ɗaya lokaci ɗaya, kina gabanta tana ganin fuskarki. Ki kunna fitila tun kafin magariba, ki sa karatun Alƙur'ani a hankali, domin surorin da aka haddace tun ƙuruciya sukan daɗe ba su goge ba. Gunagunin da ba nishi ba kuwa, in fuskarta a sake take, ki ƙyale ta, wataƙila kanta take rarrashi. Ki samu wata Bafulatana, ko mai kawo nono ce, ta zauna da ita rabin awa ta faɗa miki abin da take cewa. In kin ji "ndiyam," ruwa take nema.

Tsawar jiya kuma, ta mutumin da bai yi barci ba ce. Inna ta haifi 'ya'ya, ba ke kaɗai aka ɗora wa ita ba. Ki nuna wa maigida wannan amsar, ki ce ƙannensa su raba kwanaki, kowacce ta karɓi yammaci ɗaya a sati, ke kuma ki rufe ƙofa ki kwanta.

Anti