Dare Na Kawo Naƙuda, Farin Wata Kuwa Babu Ruwansa

'Yata, saƙonki ya iso tun shekaranjiya, na ajiye shi sai na samu natsuwa, don tambayar ba ta amsar tsaye ba ce. Kin ce kin shiga watanki, manya suna ta ce miki ki zauna cikin shiri daren sha huɗu, wai idan wata ya cika ne 'ya'ya suke zubowa, wai kuma naƙuda ba ta tashi sai dare ya raba. Kina so ki ji daga bakin gwaggonki da ta tsufa a ɗakin haihuwa ko wannan al'ada ta ƙirga haihuwa da wata tana da tushe.

Rabin maganar gaskiya ne, rabi kuma zance ne da ya daɗe har ya yi gemu.

Bari in fara da dare, don shi na sani kamar yunwar cikina. Lokacin da nake kwanan aiki, daga magariba zuwa goma na dare sau da yawa ɗakin shiru yake, sai nishin mace ɗaya ko biyu suna zagaye suna dafa bango. Amma ƙarfe ɗaya na wucewa sai ki ga kamar an buɗe ƙofa. Wannan faya ta fashe, waccan kai ya sauko, ni ina cire safar hannu ɗaya ina zura wata, shayin da na haɗa tun sha biyu yana nan kan tebur ya yi sanyi ƙalau. Kafin gari ya waye an jera jarirai. Mun ɗauka mu kaɗai muka lura, ashe masu ƙididdiga sun auna. A Ingila an duba haihuwa sama da miliyan 5 daga 2005 zuwa 2014, aka ga matan da naƙuda ta taso musu da kanta, suka kuma haihu da kansu, sun fi sauka tsakanin ƙarfe 1 na dare da 7 na safe, abin ya fi ƙamari wajen ƙarfe 4 na asuba. A Amurka ma lissafin hukumar lafiyarsu ya nuna masu haihuwa a gida sun fi sauka tsakanin 1 na dare da 5 na asuba.

Dalilin yana cikin jiki. Akwai sinadarin da ke sa mahaifa ta murɗa, ana kiransa oksitosin, akwai kuma wanda jiki ke saki idan duhu ya yi don ya jawo barci, wato melatonin. Idan suka haɗu, murɗar takan ƙara ƙarfi. Shi ya sa za ki ga mace ta kwana tana juyi, hantsi na fitowa ciwon ya lafa, ta ce ai ƙarya ce, dare na yi kuma ya dawo mata sabo. Kada hakan ya ba ki tsoro in ya same ki.

To sai maganar wata. Ba a wurinmu kaɗai ake faɗinta ba, har nas-nas na Turai da Amurka za ki ji suna cewa yau wata ya cika, mu ɗaura ɗamara. Ni kaina na yi shekaru ina faɗi. Wata rana wata likita matashiya, wadda na girme wa nesa ba kusa ba, ta yi dariya ta ce Sista mu buɗe rajista mana. Muka zauna da kalanda muna bin dararen farin wata ɗaya bayan ɗaya. Wani daren an cika, wani daren ko mutum uku ba a samu ba, daidai da sauran darare. Na ji kunya ƙwarai, amma na gane inda gizo ke saƙa: idan aka sha aiki a daren farin wata, sai a leƙa taga a ce ga dalili, a riƙe shi a ka. Idan aka sha aiki a daren duhu, ba wanda ke tunawa. A jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka an bi haihuwa sama da 564,000 daga 1997 zuwa 2001, ba a ga wani bambanci tsakanin tsayuwar wata da cikarsa da ɓacewarsa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na girma a aikin shi ne, a babban birni yanzu agogo biyu ne ke aiki, na jiki da na mutane, kuma na mutane ya kusa danne na jiki. Tunda aka saba da sa ranar tiyata da sa ruwan naƙuda, sai lissafi ya karkata. A wancan binciken na Ingila, tiyatar da aka tsara ta fi yawa tsakanin 9 na safe da 12 na rana a ranakun aiki. A Amurka ƙarfe 8 na safe ne aka fi haihuwa idan aka haɗa kowa da kowa, Lahadi kuma ita ce ranar da ta fi ƙarancin jarirai. Jariri bai san Lahadi ba, likita ne ya santa. A Ingila, in aka cire 29 ga Fabrairu, ranar da ta fi ƙarancin masu haihuwa ita ce 26 ga Disamba, washegarin Kirsimeti, ranakun da suka fi yawa kuma suna ƙarshen Satumba. Ki ƙirga wata tara baya, za ki tarar da hutun ƙarshen shekara, kowa yana gida, ga sanyi. Ba sai na ƙarasa miki ba, ke ma yanzu babba ce.

Zafi kuwa akasin haka yake yi. An lura idan aka sha tsananin zafi, bayan wata tara haihuwa takan ɗan ja baya.

Kin ga camfi ma yana iya motsa lissafin ƙasa guda, ba don yana da gaskiya ba sai don mutane sun yarda da shi. A Japan suna da shekarar da suke kira ta Dokin Wuta, tana zagayowa duk bayan shekara 60, ana cewa macen da aka haifa a cikinta za ta yi zafin rai har ta zama ajalin mijinta. Da ta faɗo a 1966, haihuwa ta sauko daga kusan miliyan 1.8 zuwa ƙasa da miliyan 1.4, shekara na zagayowa kuma ta koma sama. A Ostireliya kuɗi ne ya yi aikin: gwamnati ta ce daga 1 ga Yuli 2004 za ta ba duk wadda ta haihu dala 3,000, sai aka yi ta ɗage ranakun tiyata daga ƙarshen Yuni, ranar 1 ga wata asibitoci suka cika maƙil. Wannan bai taɓa kwanta mini a rai ba. Ciki idan ya isa, riƙe shi don wani lissafi wasa ne da rai biyu.

Akwai kuma labarin da za ki iya ji a bakin masu son zance, na birnin Niyok da ke Amurka. An ɗauke wuta a can daren 9 ga Nuwamba 1965, bayan wata tara jarida ta ruwaito cewa ɗakunan haihuwa sun cika. Labarin ya yi daɗi, ya zagaye duniya. Da wani masanin ƙididdiga ya kwatanta da shekarun baya a 1970, ya tarar babu ƙarin komai. Ɗan'uwan labarin farin wata ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ranar da aka rubuta miki a katin awo ma kada ki riƙe ta kamar alkawari. Ana ƙirga kwana 280 ne daga ranar farko ta jininki na ƙarshe, kuma cikin mata 100 bai fi 4 ko 5 ne suke haihuwa a ainihin ranar ba. Daga sati 37 zuwa 42 duk lokaci ne. Idan likita ya ce za a sa miki rana saboda hawan jini, ko kwanciyar jariri, ko cikin ya wuce lokaci, ki bi, kada ki tsaya jiran wata. Idan kuma ba wata matsala, ban ga dalilin zaɓen rana don ta yi kyau a takarda ba.

Manyan nan da suke ce miki ki jira daren sha huɗu, kada ki yi musu gardama, ki ce to. Sun yi kuskure a wata, amma sun dace a dare, kuma shi ne mai amfani a gare ki. Jakarki ta kwana a bakin ƙofa tun yau, katin awo yana ciki. Ki gaya wa maigidan ya tabbatar da abin hawan da za a samu ƙarfe uku na dare, kada wayarsa ta kwana a kashe. Ki riƙa samun barcin rana ko na awa ɗaya ne, za ki buƙace shi. In kin ga jini, ko ruwa ya zubo, ko motsin jariri ya ragu, ba a jiran gari ya waye. Ni ma tawa wayar tana gefen filo, ki kira ko ƙarfe nawa ne. Allah Ya sauke ki lafiya.

Gwaggonki.