Shin da gaske laka na ajiye tarihin maganaɗisun duniya?

Tambaya: Malam, na ji a rediyo cewa arewa da kudu na maganaɗisun duniya sun taɓa musanya wuri, kuma wai daga lakar ƙasan teku aka gano. Yaya laka za ta san haka? In ya sake faruwa, alƙibla za ta sauya ke nan? Daga wata malamar firamare a Katsina.

Amsa: Malama, abin da kika ji gaskiya ne, kuma na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai. A can ƙarƙashinmu, daga zurfin kilomita kusan 2,900, akwai narkakken ƙarfe da ke motsi ba tsayawa. Motsin nan ne ke haifar da maganaɗisun da ke juya allurar kamfas, kuma tunda ba ya zama wuri ɗaya, maganaɗisun ma yakan ƙaru, ya ragu, wani lokaci ya juye gaba ɗaya.

Ga yadda laka ke shigowa. A cikin ƙura da ɓarɓashin dutse da koguna ke kwasowa akwai ƙwayoyin wani ma'adini mai ƙarfe, magnetayit, waɗanda ido ba ya gani. Sa'ad da suke nutsewa a ruwa mai kwanciya, kowace ƙwaya takan juya ta fuskanci inda maganaɗisun ranar yake, tamkar ƙaramar allurar kamfas. Sai wata laka ta zubo a kai ta danne ta, ta daskare a haka. Masana sukan soka dogon bututu a ƙasan teku ko tafki, su zaro lakar, su yanka ta gunduwa-gunduwa, su auna kowace gunduwa a na'ura. Ta ƙasa ta fi tsufa, ta sama ta fi ƙuruciya.

Ba a laka aka fara ganewa ba. Bernard Brunhes ne a Faransa, a 1906, ya tarar da dutsen aman wuta mai maganaɗisu a juye, sannan Motonori Matuyama na Japan ya nuna a 1929 cewa irin waɗannan duwatsu tsofaffi ne. Amma dutsen aman wuta lokaci guda kawai yake riƙewa, ranar da ya huce. Laka kuwa tana zuba kullum, shi ya sa ni na fi ganin darajarta a wannan fanni. Tana da nata aibi, dole in faɗa: tsutsotsi na yamutsa samanta, kuma a tsakiyar teku 'yan santimita kaɗan ke taruwa a shekara 1,000, don haka abin da ya faru da sauri yakan dushe.

Wannan ne ya sa aka daraja wata gangara a bakin kogin Yoro da ke lardin Chiba a Japan. Tsohon ƙasan teku ne da laka ta taru da sauri, kuma cikakken juyi na ƙarshe ya fito a ciki sarai, kusa da wani siririn layin tokar aman wuta da aka auna shekarunsa, kimanin 774,000. A 2020 aka raɗa wa zamanin tarihin ƙasa da ya fara daga wannan layi suna Chibaniyan. Lakar Baƙin Teku kuma ta nuna cewa shekara kimanin 41,000 da suka wuce maganaɗisun ya yi rauni matuƙa, ya juye na ɗan lokaci, ya koma yadda yake. Mutane suna raye a lokacin, kuma ga zuriyarsu nan.

Batun alƙibla, ki kwantar da hankali. Ba duniyar ce ke kifewa ba. Makka na nan inda take, Katsina ma haka, rana za ta ci gaba da fitowa daga gabas. Allurar kamfas kaɗai ce za ta nuna wani waje, sai a gyara lissafi. Ko yau ana yin wannan gyara, domin arewar maganaɗisu tana tafiya daga Kanada zuwa wajen Saberiya, kuma masana na sabunta wa masu jiragen sama da na ruwa taswirarta duk shekara 5.

Ƙarfin maganaɗisun ya ragu da kusan kashi 9 cikin 100 a shekaru 200 da suka wuce. Lakar ta nuna an sha yin irin wannan rauni ba tare da juyi ya biyo baya ba, kuma in ma ya zo, yakan ɗauki ɗaruruwa zuwa dubban shekaru kafin ya kammala.