Warin sokawe: abin da za a duba kafin a fitar da kuɗi

Tambayoyi huɗu ne suka zo a kan warin sokawe, uku daga cikin birnin Katsina, ɗaya daga Daura. Duk waɗanda suka yi tambayar, kuɗi suke shirin kashewa, amma mutum ɗaya ne kawai na ga alamar aikinsa zai ci kuɗi da gaske.

Wata uwargida daga Ƙofar Marusa ta rubuto: "Banɗakin ɗakin baƙi ya ishe mu da wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, alhali ba a shigarsa sai an yi baƙo. Sauran lafiya lau. Maigida ya ce sokawe ne ya cika, a kira motar kwasa. Mu kira?"

Hajiya, ki lallashi maigida ya ɗan dakata. Sokawen da ya cika ba ya zaɓar ɗaki. In ya cika, ruwa ne zai riƙa tafiya da ƙyar a duk banɗakunan, wani lokaci ma ya dawo ta rariya. Wari a ɗaki ɗaya, kuma ɗakin da ba a amfani da shi, wani abu ne daban.

Ki leƙa cikin kwanon masan. Ruwan nan da ke kwanciya a ƙasansa bayan an kora, ba kuskure ba ne, da gangan aka lanƙwasa bututun don ya riƙe shi. Shi ne ke toshe wa iskar rami hanyar shigowa ɗaki. Akwai irin wannan lanƙwasa a ƙarƙashin wurin wanke hannu, kuma ya kamata a same ta a rariyar ƙasa. To kin san garinmu. Da hunturu iska a bushe take ƙayau, da bazara zafi ya haura digiri 40. Banɗakin da ya yi makonni ba a zuba masa ruwa ba, ruwan nan ƙafewa yake yi, hanya ta buɗe.

Ki zuba bokiti guda a masan, buta guda a rariya, buta guda a wurin wanke hannu, ki buɗe taga, ki ba shi kwana biyu. In warin ya tafi, shi ke nan, sai a riƙa yin haka duk mako. In bai tafi ba, ki shimfiɗa leda a kan rariyar ƙasa, ki danne da bulo. Da warin ya ɗauke, kin kama mai laifi: rariyar ba ta da wurin riƙe ruwa, an zarce da bututun kai tsaye ne. Wannan ya yi yawa a gine-ginenmu, kuma yana ba ni takaici, domin abin da aka yi wa rowar bai taka kara ya karya ba. Ki sa mai aikin famfo ya sayo rariya mai riƙe ruwa ya canza. In duk wannan bai yi ba, a duba bayan kwanon masan, inda roba ta haɗa shi da bututu. A ɗan girgiza shi. In yana motsi, ko an ga damshi a gindinsa, robar ce ta saki.

Wani magidanci daga Sabuwar Unguwa ya ce an tallata masa garin magani mai "cinye" ƙazantar sokawe, wani kuma ya ba shi shawarar ya zuba kalanzir ko baƙin mai ya huta. Wanne ya fi?

Malam, kalanzir da baƙin mai kam don Allah ka bar su. Akwai ƙwayoyin halitta a cikin ramin da ke ruɓar da ƙazanta suna rage ta, shi ya sa rami ke shekaru bai cika ba. Mai yana hana su aiki, ya toshe ƙofofin ƙasar da ke shan ruwan, sannan ya bi ƙasa ya nufi rijiyar maƙwabta. Ga kuma haɗarin wuta, domin ramin yana tara iska mai kamawa. Haka ma tuttula Hypo ko Izal kwalba guda a lokaci ɗaya. Ɗan abin da ake wanke banɗaki da shi ba laifi, yawan ne ke ɓarna.

Garin maganin kuwa, ramin da ake amfani da shi kullum yana samun ƙwayoyin da yake buƙata kyauta. Kuma babu garin da ke narkar da yashi, da leda, da ƙunzugun yara, da audugar mata, waɗanda su ne ke cika rami da wuri. Ka adana kuɗinka don kwasa. Ga yadda za ka san lokaci ya yi: a ɗaure farin tsumma a doguwar gora, a zura ta ƙofar murfi har ƙasa, a jira kaɗan, a zaro. In baƙin taɓon ya kai kashi 1 cikin 3 na zurfin ruwan, a kira mota. A gida mai matsakaicin iyali, hakan kan zo bayan shekara 3 zuwa 5. Gidan yawa bai kai haka ba.

Daga Daura, wani dattijo ya ce da damina ta nutsa, musamman a watan Agusta, tsakar gida ke ɗaukar wari, ƙasar gefen ramin ta jiƙe, ciyawa ta yi shar a wurin. Sun kwashe bara, ga shi ya dawo. Akwai rijiya a gidan. Ya haƙa sabo ne?

Baba, taka ce ta fi damuna. Aikin da aka yi daidai rami biyu ne: na farko mai siminti da ke riƙe ƙazanta, na biyu wanda ƙasa ke tsotse ruwan da ya tsallako. Alamun da ka faɗa na nuna na biyun ya daina sha. Ko dai maiƙo da taɓo sun liƙe bangonsa, ko ruwan sama ne ke cika shi. Shi ya sa kwasa ba ta yi maka magani ba, ramin ya sake cika da ruwa ne kawai.

Kafin a sa diga, a tsaya a kalli gidan lokacin da ake ruwa. Ina indararo ke zuba? Ina ruwan tsakar gida ke gangarawa? In kan murfin yake kwanciya, a ɗaga bakin ramin da bulo, a shafe tsagar da siminti, a karkatar da ruwan. A raba ruwan wanke-wanke da na masai, kowa da hanyarsa. In an yi haka ƙasar ba ta bushe ba, to sabon ramin tsotsa ya zama dole, kuma kuɗin da aka kashe a nan bai tafi a banza ba. Sai dai a nisanta shi da rijiya. Abin da masana ke ba da shawara shi ne kamar mita 30, kuma ta ɓangaren gangare, ba saman rijiyar ba. In filin bai kai ba, a nemi duba-gari su zo su gani. Kafin nan, a daina shan ruwan rijiyar sai an tafasa, domin ta haka kwalara da taifot ke shiga gida.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada kowa ya shiga ramin, ko ya zura kai, ko ya haska da ashana. Iskar nan mai warin ƙwai in ta yi yawa kashe jin wari take yi, mutum ya ɗauka ta tafi, sai ya faɗi. Wanda ya shiga ceto shi ma ya bi shi. A hana yara zuwa wurin duk lokacin da murfi ke buɗe.

Ta ƙarshe daga Ƙofar Ƙaura: maƙwabci na ƙorafin wari da yamma, ga shi masai na yin ɓul-ɓul in an kora. Wane bututun iska za a saya?

Ƙarar nan na nuna iska ba ta samun mafita. Ƙila bututun ya toshe da sheƙar tsuntsu ko gidan zanzaro, ƙila kuma gajere ne, ya tsaya daidai tagar maƙwabcin, sai iska ta kwanta da yamma warin ya sauko masa. A sayi na roba mai inci 4, a miƙe shi ba lanƙwasa, ya zarce rufin da kamar rabin mita, nesa da taga. A ɗaure masa raga a kai saboda ƙuda da sauro. Kada a kifa masa gwangwani don tsoron ruwan sama. Ɗan ruwan da zai shiga ba ya cutar da komai.