Tambayoyinku: Ta ina zan fara koya wa manya karanta takardar albashi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina koyar da ajin yaƙi da jahilci na dare a Mabera, nan Sakkwato. Ɗalibaina mafi yawa masu gadi ne da direbobi da masinjoji, sun fara haɗa baƙaƙen Turanci, amma in anka ba su takardar albashi sai su ninke ta su sa aljihu, alat kawai suke jira. Wani dattijo yac ce mini ana ta cire mishi kuɗi bai san na mi ne ba. Ta ina zan faro?
Wani malami, Mabera

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah shi saka da alheri, aikin da kake yi babba ne wallahi.

Shawarata ka faro da kuɗin, Turancin ya biyo baya. Mutanen nan sun iya lissafi tun kafin su shigo ajinka, wanda ke ciniki a Tsohuwar Kasuwa ba ka koya mishi ragi. To ka zana takardar a allo babba, ka sa su nemo wuri uku kawai: Gross, jimlar kuɗin kafin a taɓa komi, Deductions, abin da anka cire, sai Net a can ƙasa, wanda shi ne ya kamata ya zo daidai da alat ɗin banki. Kowa ya buɗe wayarshi ya duba. Ranar da mutum ya ga lambar takarda da ta alat sun zama ɗaya, ranar zai yarda takardar tashi ce.

Sai ku shiga layin cirewa, nan za ku daɗe, don nan rigimar take. PAYE haraji ne. Pension kuwa, dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci na ba da kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, kuma ana lissafin ne kan asalin albashi da alawus na haya da na mota, misali in sun haɗu naira 70,000 to 5,600 za a cire, ka bari su buga da kansu a kalkuletar waya, kar ka faɗa musu amsa. Amma ka lura tsarin ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi ba dole ya zo ɗaya da na tarayya ba. NHF asusun gidaje ne, kashi 2.5. Akwai kuɗin ƙungiya, akwai na kwafaretib, wato ƙungiyar ajiya da ba da bashi ta ma'aikata, kuma ina zargin na dattijon nan yana nan, wani bashi da anka gama biya amma ba a tsai da cirewa ba, hakan na faruwa. Ya kawo takardun wata biyu ko uku ku jera su, layin da ya kamata ya ɓace bai ɓace ba zai fito fili.

Don Allah kar ka ɗaga takardar wani a gaban aji. Magidanci ba ya son maƙwabcinshi ya san abin da yake ɗauka, in kunya ta kama shi ba ka sake ganinshi. Ka ƙirƙiro ta bogi da suna na bogi, tasu ta gaskiya ku duba kai da mutum bayan an tashi.

Daga ƙarshe ku yi ɗan wasan kwaikwayo, ɗaya akanta ɗaya ma'aikaci, ya ɗora yatsa kan layin ya ce ranka shi daɗe wanga na mi ne, tun yaushe anka fara cire shi, yaushe zai ƙare. Da Hausa ma ya isa, akantan zai gane.