Me ya sa ƙashi ke warkewa idan ya karye, amma guringuntsin gwiwa ba ya dawowa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ɗana mai shekara 9 ya karye a hannu, aka ɗaure shi a asibiti, cikin sati shida ya warke sarai. Ita kuwa mahaifiyata ta daɗe tana fama da gwiwa, an ce guringuntsinta ne ya zaizaye, kuma wai ba ya sake tsirowa. Ta yaya abu mai tauri zai gyara kansa, mai laushi ya kasa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa yaron lafiya, ya ba Mama sauƙi. Amsar tambayarki a jini take. Ƙashi yana da jini, guringuntsin gaɓa ba shi da shi.

Mutane da yawa suna ɗaukar ƙashi kamar busasshen icce, domin busasshen suka saba gani. Na jikin mai rai ba haka yake ba. Jijiyoyin jini sun ratsa shi ciki da waje, a cikinsa akwai ɓargo, kuma a jan ɓargo ake ƙera ƙwayoyin jini. Akwai wasu ƙwayoyin halitta masu rushe tsohon ƙashi, wasu na biye da su suna gina sabo, aikin da ba ya tsayawa, har ana ƙiyasta cewa ƙasusuwan babba 206 suna sabuntuwa cikin kusan shekara 10. Ke nan ma'aikatan gyara suna nan tun kafin a samu karaya.

Da ƙashi ya karye, jini yakan taru ya daskare a wurin. Wannan gudan jinin shi ne harsashi. Cikin sati biyu zuwa uku jiki yakan ɗinke ɓangarorin biyu da wani abu mai laushi, wanda akasarinsa guringuntsi ne. Daga nan jijiyoyin jini su shiga, sinadarin kalsiyam ya zauna, abin ya taurare. Bayan haka a kwashe watanni ana sassaƙe ƙullin da ya fito har ƙashin ya koma siffarsa. Abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne, fata da tabo take warkewa, shi kuwa ƙashi da ƙashi yake cike gurbinsa. Yara sun fi saurin warkewa saboda tantanin da ya lulluɓe ƙashinsu ya fi kauri, ya fi yawan jini.

To, mu dawo kan Mama. Guringuntsin da ke bakin ƙashin cinya da na ƙwauri siriri ne, kaurinsa milimita 2 zuwa 4, mai santsi, kuma mafi yawansa ruwa ne. Ba jijiyar jini a cikinsa, ba jijiyar jin zafi. Ƙwayoyinsa kaɗan ne, kowace a kulle a ɗan raminta, ba ta iya tashi ta je inda aka samu rauni. Abincinsa daga ruwan gaɓa yake samu: idan an taka ya matse kamar soso, idan an ɗaga ƙafa ya tsotsi sabon ruwa. Saboda haka idan ya zaizaye babu gudan jinin da zai fara gyara. Tun a 1743 wani likita ɗan Sikotilan, William Hunter, ya rubuta cewa guringuntsin da ya lalace ba ya dawowa. Ko da raunin ya kai ga ƙashin da ke ƙasa ya yi jini, abin da ke tsirowa wani guringuntsi ne mai kaushi, wanda bai kai na asali santsi da ƙarko ba.

Za ki ce, to ina zafin yake fitowa? Daga ƙashin da ya rasa guringuntsin da ke kare shi, da tantanin gaɓar idan ya kumbura. Shi ya sa zaizayar kan yi nisa kafin mutum ya farga.

Kada dai a ji wannan a ce Mama ta zauna wuri ɗaya. Wannan kuskuren ne ya fi damuna, domin zama yana hana ragowar guringuntsin abincinsa, yana kuma raunana naman cinya da ke tallafar gwiwa. Tafiya daidai ƙarfi da motsa jiki na ƙarfafa cinya suna rage ciwo sosai. Idan tana da ƙiba, duk kilo ɗaya da ta rage yana sauke kusan kilo huɗu daga gwiwa a kowane taku. Magungunan kashe zafi suna taimakawa, amma yawan shan wasunsu na tsawon lokaci yana illa ga ciki da ƙoda, don haka a sha bisa shawarar likitanta. Idan ciwon ya hana ta barci da tafiya, akwai tiyatar da ake sa gwiwar ƙarfe da roba.

Shi ma yaron a kula. Kusa da bakin dogayen ƙasusuwan yara akwai faifan guringuntsi da tsawo ke fitowa daga gare shi, kuma ba ya rufewa sai ƙarshen shekarun balaga. Idan karayarsa kusa da wuyan hannu ko gwiwar hannu take, ki mayar da shi duk ranar da aka ba ku, a tabbatar hannun yana girma daidai da ɗan'uwansa.